Sandunan fatsa na gora: nazarin aikin wani kafinta a Yamai, 2023 zuwa 2025

Mutumin da wurin

Kafinta ne ɗan asalin Dogon Dutsi, ya haura shekara 20 a Yamai, rumfarsa tana unguwar Gamkalle, ba nisa da bakin kogin Isa, wato Neja. Gado da ƙofa da kujera su ne abincinsa. Fatsa kuwa ta ranar Lahadi ce. Bayan sallar asuba sai ya ɗaure sanda a babur ya gangara wajen Saga tare da abokai da ba su kai goma ba: malamin makaranta, mai gyaran firji, tsofaffin ma'aikata biyu da suka ajiye aiki, da ni mai wannan rubutu. Karfasa muke samu galibi, sai kurungu da tarwaɗa, wani lokaci ragon ruwa. Giwan ruwa kuwa an fi ba da labarinsa fiye da ganinsa.

Ya kamata a san cewa masu su don neman abinci ba ruwansu da irin sandarmu. Sarkawa da taru da birgi da mamari suke aiki. Sanda mai zobba da manaɗin zare ta masu sha'awa ce, kuma kusan duka daga Sin ake kawo ta, irin mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Tana da sauƙin ɗauka, amma kanta ba ya jimiri: yashi ya shiga tsakanin gaɓoɓinta, a ja da ƙarfi, shi ke nan. Tun 2021 kafintan yake gyara wa abokai waɗanda suka karye, wadda ta fi ƙarfin gyara kuma ya jefa ta cikin wani buhu a bayan rumfa, ba don ya san amfanin da za ta yi ba, sai don kafinta ba ya zubar da abu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar kan iyakar Nijar da Benin da ke tsakanin Gaya da Malanbil, hanyar da kayan tashar jiragen ruwan Kwatano suke bi zuwa Yamai. Shinkafa da magani ma sun yi wuya, balle sandar fatsa. Wadda ta rage a kasuwa kuɗinta ya tashi. Nan ne mai gyaran firji ya ce masa, “Kai da kake gyara ta mutane, me zai hana ka yi taka?”

Satumba zuwa Oktoba 2023: sanduna takwas na farko

Ya je kasuwar Katako ya sayo gora bakwai daga cikin wadda ake sayar wa masu kafa rumfa. Ya zaɓi miƙaƙƙu masu kyan gani, launinsu kore-kore, fatarsu sumul. Ta takwas bai saya ba, wani ne ya ƙara oda a makare, sai ya zaro wata tsohuwa daga rufin rumfarsa.

Ya yi musu aiki irin na katako. Ya sa wuƙa ya kankare fatar, ya bi da takardar guga har jikin ya yi fari, ya sirance kan don ya riƙa lanƙwasa. Kowace sanda mita 3 ce, an raba ta biyu saboda ɗauka a babur, aka haɗa da guntun bututun alminiyon da ya yanko daga tsohuwar eriyar talabijin. Zobban da zare ke bi ya lanƙwasa su daga wayar ƙafar keke, shida a kowace sanda, tazararsu daidai wa daida, santimita 45. Ya ɗaure su da zaren ɗinkin takalmi, ya shafe da gam mai haɗi biyu, irin mai kamawa cikin minti 5. Sannan ya bi da man sheƙi na kafintoci sau uku. Tsohuwar gorar nan ita kaɗai ba a kankare ba, don lokaci ya ƙure, goge ta kawai ya yi da tsumma ya ɗaura zobba.

Kwana 20 aikin ya ci. Ya sayar da kowace jika 6, wato sefa dubu 6. Ranar da aka fito da su bakin ruwa har yara suka taru kallo, kuma makonni shida na farko babu wanda ya yi kuka. Ta malamin makaranta ta fitar da tarwaɗa mai kilo 2.

Disamba 2023 zuwa Afrilu 2024: lalacewa

Da iskar hunturu ta kankama, danshin iska ya sauka ƙasa ƙwarai kamar yadda yake yi kowace shekara a Yamai, sai aka fara jin ƙara. Ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan ya ce cikin dare ya ji “ƙas” a ɗaki, ya ɗauka ɓera ne, da safe ya tarar da tsaga mai tsawon taƙi tsakanin gaɓa biyu. Kafin ƙarshen Janairu uku sun tsage haka.

Biyu kuma mahaɗinsu ne ya saki. Gorar ta motse a cikin bututun, bututun bai motse ba. Tawa tana cikinsu. Na yi jifa wata Lahadi, rabin sandar na sama ya bi ƙugiya ya faɗa ruwa, lokacin kuwa ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini ya iso, kogi ya cika, sai da wani yaro mai kwalekwale ya bi zaren ya ciro mini shi.

A Fabrairu aka fara ganin gari mai laushi kamar na alkama yana zuba daga ƙananan huji a jikin wasu. Ƙwaron da ke cin gora ne, yana ciki tun farko, man sheƙin bai hana shi komai ba. Ta malamin makaranta ta karye a Maris, a daidai inda aka fi kankarewa, kuma kifin da ya karya ta bai kai na farko ba. A Afrilu, watan da zafi ke wuce digiri 40, wani ya bar tasa a bayan mota daga hantsi zuwa la'asar. Gam ɗin ya yi laushi, zobba biyu suka juya gefe. Duk zobban kuma, har na waɗanda ba su karye ba, sun yi tsatsa a inda aka goga wayar, tsatsar tana cin zare, kifi yana tafiya da ƙugiya.

Ƙarshen Afrilu lissafi ya tsaya haka: uku sun tsage, biyu sun saki a mahaɗi, ɗaya ta karye, ɗaya zobbanta sun zame. Ɗaya ce ta rage lafiya, in ban da tsatsa.

Gyare-gyaren da ba su yi ba

Bai zauna ba. Masu tsaga ya cika su da gam ya naɗe da robar cikin tayar babur. Tsagar ta tsaya a nan ta ɓullo a gaɓa ta gaba, sandar kuma ta yi nauyin da hannu ke gajiya kafin hantsi. Mahaɗi ya cusa masa takarda da gam, ya riƙe mako biyu. Wani ya ba shi shawarar baƙin mai na mota saboda ƙwaro. Ya shafa, warin ya kama hannu, hannu ya kama tana, masu sandunan suka rantse kifi ya daina ci. Ko warin ne ko kuwa ranar ce ba ta yi ba, sun dai ƙi karɓa.

Ya sake sayo ɗanyar gora huɗu ya ce zai busar da su da wuta a yini ɗaya. Biyu suka fashe a kan garwashi da ƙara kamar bindiga, saboda iskar da ke kulle tsakanin gaɓoɓi, biyu suka ƙone ta waje cikinsu yana jiƙe. Mutum biyar ya mayar wa kuɗinsu, jika 30, a lokacin da aikin gado ma ya ja baya. Maiɗakinsa ta ce ya koma ga abin da ya iya.

Mayu 2024: dattijon bakin ruwa

A Mayu ruwa ya janye, tsibiran yashi sun fito, ana ganin shanu suna ƙetarawa a wasu wurare. Akwai wani dattijo Basarke da ke gyaran taru a ƙarƙashin wata bishiya kusa da inda muke zama. Shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ran nan kafintan ya zo da karyayyun sandunan a ɗaure, da mai lafiyar guda, ya durƙusa ya gaishe shi.

“Baba, don Allah duba mini. Hannu ɗaya ya yi su, wannan ta rayu, waɗannan sun mutu.”

Dattijon bai karɓa da sauri ba, sai da ya gama ƙullin da ke hannunsa. Ya ɗauki karyayya ɗaya ya ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa, ta yi ƙara a dushe. Ya ƙwanƙwasa tsohuwar, ta amsa tar. Ya sa farce a bakin karayar, farcen ya shige.

“Ɗana, wannan ai jaririya ce, ko shekara biyu ba ta yi ba aka sare ta. Ga shi kuma ka feɗe ta. Wa ya ce maka ana feɗe gora? Ƙarfinta a bayanta yake, cikin nan ɓargo ne.”

Abin da ya faɗa a zaman nan bai wuce huɗu ba, kuma da shi suke zaɓen sandar tura jirgi tun kakanni. A nemi gorar da ta shekara uku zuwa biyar a tsaye, wadda korenta ya dushe, jikinta ya yi dabbare-dabbare. A jiƙa ta cikin ruwa wajen wata guda, don zaƙin da ƙwaro ke bi ya fita. A shanya ta a inuwa, a rataye, ba a rana ba, ba a kan wuta ba. Kada a taɓa fatar. Da kafintan ya tambayi kwana nawa shanyar za ta ɗauka, dattijon ya yi dariya ya ce, “Ita za ta gaya maka.”

Maganar fata tana da tushe a yadda gora take. Jijiyoyinta masu ƙarfi sun fi cunkushewa dab da fatar, suna raguwa in an nufi ciki. Shi ya sa masu yin sandar fatsa ta gora a Amurka da Ingila, waɗanda tun ƙarni na 19 suke tsaga gora su fere ta su manna tsagi shida su zama sanda guda, ta ciki suke ferewa, bayan kuwa ɗan shafe shi kawai suke yi.

Yuli 2024 zuwa Janairu 2025: jiƙo da shanya

Ta hannun wani direban da ke zuwa Gaya ya samu gora 30, ya kwatanta masa irin da yake so, har ya ba shi guntun tsohuwar ya tafi da shi. A ƙarshen Yuli ya ɗaure su dami uku, ya sa duwatsu, ya nutsar da su a gefen jirgin dattijon. Sai ga ambaliyar Agusta 2024, wadda har ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai na ƴan kwanaki. Dami ɗaya mai gora 11 ya tafi, 19 suka tsira, bayan sun yi mako biyar a ruwa maimakon huɗu. Sun fito da wari da santsi, ya wanke su da yashi mai laushi da tsumma.

Ya rataye su a zauren gidansa, kai sama, kowace da rabin bulo ɗaure a gindi don ta miƙe. Tun da dattijon bai ba shi adadin kwanaki ba, sai ya nemi hanyar da zai ji maganar gorar. Ya ware uku ya yi musu alama, kowace Juma'a ya kai su wurin mai shagon unguwa a ɗora a sikeli, ya rubuta da alli a bango. Ɗaya ta fara da giram 900. A Oktoba tana 700. A tsakiyar Disamba 580. Daga makon farko na Janairu ta tsaya a 560, mako uku ba ta motsa ba. Nan ya ce ta yi magana.

Cikin 19, huɗu sun tsage a shanya, ɗaya ta nuna hujin ƙwaro ya fitar da ita daga gidan gaba ɗaya. Saura 14.

Fabrairu 2025: ƙira ta biyu

Miƙarwa ya fara yi. Wannan karon ba busarwa yake nema da wuta ba. Garwashi kaɗan a murhun shayi, ya riƙe gaɓar da ta karkace sama da shi kamar taƙi guda, yana juyawa, har wurin ya yi zafin da yatsa ba ya iya daɗewa, fatar ta fara naso. Sai ya danna a gwiwa, ya riƙe, ya shafa jiƙaƙƙen tsumma. Kafin wannan ya huda bangon cikin gaɓoɓin da dogon ƙarfe don iska ta samu mafita. Biyu ya ƙona kafin hannunsa ya gane. Saura 12.

Matsalar da ta rage ita ce kai. In ba za a kankare gora ba, kanta ba zai yi sirantar da ake ganin cin karfasa ba. A nan buhun bayan rumfa ya yi rana. Ya zazzage shi, ya ware kawunan sandunan Sin, na fiba, da ba su lalace ba. Sabuwar sandar ta zama gida biyu: gindi na gora mita 1 da santimita 60, kai na fiba mita 1 da santimita 10. A cikin bakin gorar ya manna guntun bututun fiba mai santimita 12, daga karyayyun sandunan nan, ta yadda kan zai shiga fiba cikin fiba, ya zauna daram, a zare shi in an tashi. Ta waje ya sa zoben tagulla a bakin, ya naɗe bayansa da zare. Da gangan ya yi wannan a Fabrairu, lokacin da gora ta kai iyakar motsewarta. In damina ta zo ta ɗan kumbura, zoben ƙara kamawa zai yi.

Zobba ya koma yin su da wayar walda ta inoks, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin milimita 1.6, daga wajen masu walda. Yana zuwa da maganaɗisun tsohuwar sifika a aljihu: wayar da ta manne da ƙarfi ya ajiye musu abarsu. Tazara kuma ya daina aunawa da ma'auni. Yakan ɗaura zobban da roba na wucin gadi, ya zura zare, ya rataya gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a bakinsa, yaron shagonsa ya ɗaga sandar. Sai ya koma gefe ya tsuguna yana kallo. Inda zaren ya yi kwana mai kaifi, ko ya taɓa jikin sanda, a matsa zobe ko a ƙara wani. Da haka suka zama takwas, sun matsu wajen kai, kamar santimita 12 tsakanin na farko da na biyu, suna buɗewa har kusan 50 wajen gindi.

Gam ya canza zuwa mai kamawa a hankali, mai kwana guda. Wannan yana da nasa wahalar: yana gangarowa ya taru a ƙasa in ba a juya sandar ba, ƙurar hunturu kuma tana manne masa. Na je na gan su wata asuba. Sun kafa gidan sauro a tsakar rumfa, sun yayyafa ruwa a ƙasa, sanduna uku suna kwance a kan kwali mai tsaga. Yaron yana zaune a ciki da agogon waya, kowane minti 10 ya juya su rubu'i, awa biyu cur, maigidan yana miƙa masa shayi ta ƙarƙashin gidan sauron yana cewa, “Kada ka yi barci, in ka yi barci a kuɗinka.” Jikin gorar bai sa masa man sheƙi mai kauri ba, shafa biyu marasa kauri kawai. Mariƙin ya naɗe shi da igiyar auduga.

Sanduna 12 sun ci mako biyar. Kowace ta kai giram 430 zuwa 480 ba tare da manaɗi ba. Ya sa musu jika 12, mutum biyar ɗin da suka yi asara da farko kuma ya bar musu a jika 8.

Maris zuwa Disamba 2025: abin da aka gani

Sun shiga zafin Afrilu da Mayu, babu zoben da ya juya, ko da yake yanzu kowa ya san ba a barin sanda cikin mota. Sun shiga damina, mahaɗi bai saki ba, sai ma mutum biyu da suka ce zare kan yana yi musu wuya in yashi ya shiga, aka koya musu shafa kyandir. Sun shiga farkon hunturu, babu tsaga, babu gari. Zuwa ƙarshen Disamba 10 babu abin da ya same su. Ɗaya amalanken jaki ya taka ta a hanyar Saga. Ɗaya kanta na fiba ya karye a kan wani kifi da mai ita ya rantse giwan ruwa ne, ba wanda ya gani, gindin dai lafiya lau, aka sa wani kan cikin rabin awa.

Ƙorafi bai ƙare ba. Sun fi na kanti nauyi, mai yawan jifa yana ji a kafaɗa. Ba sa shiga jaka. Kuma sandunan Sin sun dawo kasuwa, akwai wadda kuɗinta bai kai rabin nasa ba, don haka sabon shiga ita yake saye.

Hukunci

A ganina kuskuren farko ba na gam ba ne, ba na waya ba ne, ko da yake su ma sun ba da nasu. Shida daga cikin bakwai da suka lalace, gorar ce sanadi: an sare ta ba ta ƙosa ba, an yi aiki da ita tana ɗauke da ruwan damina, an cire mata fata. Ya yi ƙira a watan da gora ta fi kumbura, ya miƙa wa mutane dab da watan da ta fi motsewa. Duk gyaran da ya biyo baya a bayan sanda yake yinsa, ciwon kuwa yana ciki. Tsohuwar gorar rufin rumfa ta nuna amsar tun Janairu 2024, wata huɗu kafin a kai ta gaban dattijon, sai dai idon kafinta ya saba ganin abin da ba a goge ba a matsayin aikin da ba a gama ba.

Abin da ya ƙara daga kansa shi ne sikeli da gorar ruwa, kuma su ne nake ganin za su sa yaron shagonsa ya iya maimaita aikin ba tare da kunnen dattijon ba. Jiƙo a kogi cikin damina ganganci ne da ya ci masa sama da kashi ɗaya cikin uku na kayansa. Haɗa gora da fiba dabara ce mai kyau, amma ta ɗaure shi ga karyayyun sandunan waje, waɗanda ya fara aikin don a huta da su. Ta fuskar kuɗi kuwa, wata bakwai daga jiƙo zuwa sayarwa a kan sanduna 12 ba sana'a ba ce, gado biyu sun fi su riba.

A Nuwamba 2025 ya karɓi sabuwar gora 40 daga Gaya, wadda aka sare bayan ɗaukewar ruwa. Wannan karon a kwamin siminti na wani mai bulo ya jiƙa su, yana canza ruwan kowane mako. Suna rataye a zaure yanzu, alli ya koma bango. Kawunan fiba tara suka rage a buhu, ya kuma sa yaran bakin ruwa su riƙa tsinto masa karyayyu, dala ashirin kowane.